Tsutsar Saiwa Da Itatuwan Ƙasar Daura

Masu lambu a ƙasar Daura, da ma sauran ƙasar Hausa, in itace ya ƙi kyau su kan ce ƙasa ce ta gaji. Mutum ya dasa gwaiba ko gwanda a bakin rijiya, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ya ba ta ruwa safe da maraice, ya zuba mata taki gwargwadon ƙarfinsa. Shekarar fari ta tashi kyakkyawa, ta biyu ta soma 'ya'ya. A ta uku ko ta huɗu sai ganye ya fara ƙanƙancewa yana yin rawaya, gefensa kamar an babbaka. Da rana ta take sai itacen ya yi yaushi, ko da kuwa gindinsa a jiƙe ya ke. Rassan sama su yi ta bushewa ɗaya bayan ɗaya. Mai lambu ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ba sauƙi. Daga baya gara ta shiga busasshen gindin, shi ke nan sai a ɗora mata laifi, alhali kuwa ita gawa ta tarar.

Ba mu ce duk itacen da ya mutu haka abu ɗaya ne ya kashe shi ba. Akwai kanwa cikin ƙasa, akwai dutse a ƙarƙashi, akwai kuma ɓarnar garar ta gaskiya. Amma akwai wata mai laifi wadda ba safai a kan tuhume ta ba, domin ido ba ya ganinta. Wata 'yar tsutsa ce da ke zaune cikin saiwa. Masana suna kiran danginta nematoda, daga wata kalma ta harshen Girka mai ma'anar zare. Mu a nan za mu kira ta tsutsar saiwa. Mun ga ya kamata malaman makaranta da akawuna su san halinta, gama su a kan danƙa wa rabon dashe da rubuta shi duk sa'ad da hukuma ta tashi shuka itatuwa. Ta hannun mai rabon dashe kuwa wannan tsutsa ta fi yin tafiya, kamar yadda za mu nuna.

Danginta Da Asalin Saninta

Kada mai karatu ya zaci tana mu ke nufi, wadda a kan gani da damina bayan ruwa. Tana ba danginta ba ce, kuma ita amfani ta ke yi wa gona. 'Yan'uwan tsutsar saiwa na jini su ne macijin ciki da ke damun yara, da tsutsar da ke kawo tundurmi, da kurkunu wanda ya gurgunta iyayenmu lokacin noma, har Allah ya kawo ƙarshensa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Duk ƙirarsu ɗaya: jiki dogo, sumul, ba gaɓa, ba ƙafa. A cikin cikon hannu guda na ƙasar gona a kan sami ɗaruruwan irin waɗannan tsutsotsi. Yawancinsu ba ruwansu da shuka, ƙwayoyin da ke ruɓar da taki su ke ci, taimakon manomi ma su ke yi. Masu cin shuka an san su da alama guda, watau wani tsinke a baka, mai rami a ciki kamar allurar likita. Da shi su ke huda, da shi su ke tofa yawu, da shi su ke zuƙa.

Ƙanƙantarta ta wuce yadda mutum zai zata. 'Yar da ta fito daga ƙwai ba ta kai rabin milimita ba. In an jera 60 kai da wutsiya, da ƙyar su cika inci guda. Jikinta kuma garau ya ke kamar ruwa, sai da madubin likita a ke ganinta.

A 1855 wani limamin Kirista a Ingila, mai suna Berkeley, ya fara ganin tsutsar cikin kumburarriyar saiwar kokwamba. A 1887 wani masani mai suna Goeldi, mutumin Suwizalan da ke aiki a Birazil, ya binciki abin da ke kashe itatuwan kofi a lardin Rio de Janeiro, ya same ta, ya raɗa mata suna Meloidogyne, watau mace mai siffar tuffa. A lura, ranar sunanta ma a saiwar itace aka kama ta. Shekaru da yawa ana zaton iri ɗaya ce, sai a 1949 wani Ba'amurke, Chitwood, ya rarrabe ta. Uku daga cikin ire-iren su ne suka cika ƙasashe masu zafi, ana kiransu incognita, da javanica, da arenaria. Masu binciken aikin gona na Samaru ta Zariya sun daɗe da samunsu a lambunan Arewa.

Yadda Ta Ke Rayuwa

Bari mu bi ta daga ƙwai. A cikin ƙwan ta ke yin siffa, har ta yi saɓa sau ɗaya kamar maciji tun ba ta fito ba. In ƙasa tana da laima da ɗumi sai ta huda ɓawon da tsinkenta ta fito. A duk rayuwar macen, wannan ne kaɗai lokacin da ta ke da ikon yawo. Ba ta iya haƙa rami kamar tana. Ta 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa ta ke kurɗawa, tana iyo cikin ɗan ruwan da ya lulluɓe su. Ba ta cin kome a hanya. Guzurinta ɗan kitse ne da ta fito da shi daga ƙwai, in ya ƙare ba ta sami saiwa ba, sai mutuwa. Ba ta da ido, amma saiwa mai rai tana fitar da iska da waɗansu ruwaye, kamar yadda mutum ke numfashi da gumi, su ta ke sansana ta bi har ta isa.

Ba tsohuwar saiwa mai ɓawo ta ke nema ba. Sabuwar 'yar saiwa fara mai taushi ita ta ke so, kuma daidai bayan tsininta ta ke shiga. Jikin shuka, kamar yadda malamai suka sani, an gina shi da 'yan ɗakuna birjik kamar saƙar zuma, waɗanda a ke kira ƙwayoyin halitta. Tsutsar ba ta fasa ɗakunan nan. Tsakaninsu ta ke ratsawa, tana raba bango da bango a hankali, shukar ba ta farga ba. A tsakiyar saiwa akwai magudanai, waɗansu na kai ruwa sama, waɗansu na sauko da abincin da ganye ya dafa da hasken rana. An kewaye magudanan da wata ganuwa wadda tsutsar ba ta iya ketawa. Sai ta gangara har can tsinin saiwa, inda ganuwar ba ta gama ginuwa ba, ta yi kwana, ta hau ta ciki. Wanda ya san labarin yaƙin birane na zamanin da ya san wannan dabara: ba a haura ganuwa ta inda ta yi tsawo, sai a nemi inda magina ba su ƙarasa ba.

Da ta sami wurin zama sai ta zaɓi ɗakuna 5 ko 6, wani lokaci har 8, waɗanda ke kewaye da kanta. Ta caka musu tsinke, ta tofa musu yawu. Yawun nan ba ya kashe su, kuma nan ne gwanintarta ta ke. Ga al'ada ƙwayar halitta in ta girma sai cibiyarta ta rabu biyu, bango ya ginu a tsakani, ɗaki ɗaya ya zama biyu. Waɗanda yawun ya taɓa kuwa, cibiyarsu ta yi ta rabuwa, amma bangon ba ya ginuwa. Ɗaki guda sai ya ƙare da cibiyoyi masu yawa, ya kumbura ya ninka girmansa sau ɗaruruwa. Waɗannan ɗakuna su ne rumbunta har ta mutu. Abincin da ganye ya dafa domin 'ya'ya da sabon toho sai ya riƙa kwarara zuwa gare su, ita kuwa tana zaune tana zuƙa, yanzu daga wannan, an jima daga wancan. Naman saiwar da ke kewaye shi ma ya kumbura, shi ne ƙullin da mai lambu ke gani in ya tumɓuke tumatir ko kuɓewa ya ga saiwar ta yi kamar carbi.

Tun daga ranar da ta zauna ba ta sake motsawa. Ta ci ta yi ƙiba, ta yi saɓa sau 3 a jere, sa'an nan ta zama cikakkiyar mace. Siffar zare ta tafi, ta koma kamar ɗan gora mai wuya, fara fat, girmanta kamar ƙwayar gishiri. A wannan mataki mai kaifin ido zai iya ganinta in ya tsaga ƙulli da reza. Kanta na cikin rumbu, bayanta na fuskantar waje. Ta fitar da wani yauƙi, ta zuba ƙwai a ciki, kamar 300 zuwa 500, wani lokaci fiye da 1,000. Yauƙin ya daskare ya yi ruwan ƙasa, ya tsare ƙwan daga bushewa.

Maganar namiji gajeriya ce. Ire-iren da ke ƙasashenmu ba su bukatarsa, macen ita kaɗai ta ke haihuwa, 'ya'yanta kuwa sak ita. Sai in saiwa ta cika maƙil, abinci ya yi ƙaranci, sa'an nan da yawa daga cikin 'ya'yan su kan zama maza, su koma siffar zare, su fice cikin ƙasa, ba su ci kome ba har su mutu. Ta haka zuriyar ke rage wa kanta baki lokacin yunwa. Abin da za a riƙe a nan shi ne, 'yar tsutsa guda ɗaya tak ta isa ta kafa gari.

Daga ƙwai zuwa ƙwai mako 3 ne ko 4 in ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 27 zuwa 30. Ga lissafi malamai su ba yara a allo. A ce mace ta yi ƙwai 500, a ce ɗaya cikin 10 kaɗai ke tsira, watau 50. A wata na biyu sun zama 2,500, a na uku 125,000. Wannan misali ne kawai na ninki, amma ya isa ya nuna dalilin da ya sa lambun da ya yi kyau a farkon rani ya kan lalace kafin bazara.

Ɓarnar kuwa ta fuska uku ce. Tana sace abinci. Kumburin yana murɗe magudanan ruwa ya toshe su, kuma saiwar da ta ƙulle ba ta fitar da 'yan gashin da ke shan ruwa, shi ya sa itace ke yaushi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, taki kuma ya zauna a gindinsa ba ya iya ɗauka. Ta uku ita ta fi muni: ƙullin nama ne mai taushi, ya kan tsage, fumfuna da sauran ƙwayoyin cuta su sami ƙofa su ruɓar da saiwar. Sau da yawa tsutsa ce ke buɗe ƙofa, fumfuna ke yin kisan.

Abin Da Ya Sa Ya Shafi Daura

Masarautar Daura ƙananan hukumomi 5 ce: Daura, Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa. Wanda ya bi ta ya san yawancinta jigawa ce, rairayi har a tsallaka iyaka zuwa Matamaye da Magarya. To, tsutsar saiwa ba ta da ƙasar da ta ke so kamar rairayi. Kafofinsa masu faɗi ne, daidai jikinta, ga iska. A cikin laka kafofin sun yi mata ƙunci. Bugu da ƙari rairayi ba ya riƙe ruwa, saboda haka itacen da saiwarsa ta naƙasa wahalarsa biyu ce a nan.

Mai karatu zai ce, to, in haka ne, me ya hana ta cinye gonakin kakanninmu? Rani ne ya hana ta. Damina a Daura wata 4 ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Bayan nan ƙasa ta bushe ƙayau wata 7 ko 8, a Maris da Afrilu saman rairayi ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi. Ba saiwa, ba laima, yawancin tsutsotsin sai su hallaka. Gero da dawa kuma ba abincin kirki ba ne a gare su. Gyaɗa ma tarko ce ga incognita da yawancin javanica, su kan shiga saiwarta su kasa kafa rumbu su mutu, har masana a Senegal suka ba da shawarar a riƙa shuka ta a lambu don wanke ƙasa. Watau noman da muka gada yana yi wa ƙasa wanka kowace shekara ba tare da mai gona ya sani ba.

Abu biyu ke soke wannan wanka. Na fari ban ruwa. Tun da aka sami madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam, da rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa, akwai filayen da ba su bushewa. Tumatir ya tashi, tattasai ya shiga, ya tashi kuɓewa ta shiga, ga gauta, ga kankana, ga rama da damina, duk kuwa abincin tsutsar ne. Ba kushe noman rani mu ke yi ba, shi ya tsayar da samari da yawa a gida suka bar tafiya cin rani. Amma kowace ni'ima da wanda ke bin ta a baya.

Na biyu shi ne itace da kansa. Tumatir wata 4 ne a tumɓuke shi. Itace kuwa saiwarsa na nan da rai rani da damina, ta nutsa can ƙasa inda zafin Afrilu ba ya kaiwa. Tsutsar da ta sami itace ta sami gidan da ba a tashinta. A 1978 waɗansu masana uku da ke aiki a Dakar suka ba da labarin sun sami tsutsar cikin saiwar kuka, suka yi gargaɗi cewa kuka na iya zama maɓoyar da lambunan kusa da ita ke kamuwa daga gare ta. Gwaje-gwajen da aka yi bayan haka a Senegal sun nuna dashen gawo ma yana ɗaukarta, haka waɗansu itatuwa dangin bagaruwa da aka kawo daga Ostareliya domin tare hamada.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauki gatari. Babbar kuka ba ta san ma ana cinta ba, kuma miyar da ta ke ba gida ta fi ƙarfin wannan laifi. Gawo kuwa, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ba dabbobi abinci da rani, ba shi da na biyu a gonar jigawa, kuma gero ba ruwansa da abin da ke cikin saiwarsa. Abin da mu ke cewa shi ne kada a yi fangalin renon tumatir ko wurin renon dashe a inda saiwar manyan itatuwa ta shimfiɗu, kuma a tuna saiwar kuka tana tafiya nesa ƙwarai fiye da inuwarta.

Gwaiba Da Lemo

Akwai wani iri da ya fi sauran mugunta, sunansa enterolobii. A 1983 aka fara bayyana shi, daga saiwar wani itace a tsibirin Hainan na ƙasar Sin. Ire-iren tumatir da tattasai da masana suka yi shekaru suna gyarawa don su jure wa tsutsar saiwa, shi ba ya jin wannan tsari, cinye su ya ke yi. Abincin da ya fi so kuwa gwaiba. A 2001 aka gano shi a gonakin gwaiba na ban ruwa a kwarin kogin São Francisco na Birazil, wuri mai zafi da ƙarancin ruwan sama kamar namu. Shi da wata fumfuna suka haɗu suka kashe gonaki masu yawa, manoma suka sare itatuwansu. An same shi a Senegal da Burkina Faso da Kwaddibuwa. A 2016 aka ba da labarin samunsa a jikin doya a Nijeriya, a 2017 kuma a saiwar tattasai a Jamhuriyar Nijar. Daura tana tsakanin biyun, kan hanyar da kayan lambu ke bi kudu da arewa. Mutanen Birazil sun sami sauƙi ta hanyar aure, watau suka haɗa gwaiba da wata 'yar'uwarta ta daji, suka sami gindin da tsutsar ba ta iya ci, suna aura masa gwaibar kirki a kai, kamar yadda masu lambunmu ke yi wa mangwaro. Wannan aiki ne da ya kamata masu bincikenmu su sa a gaba.

Lemo kuwa tasa tsutsar dabam ce. An gano ta a Kalifoniya ta Amurka a 1912, masanin nan Cobb ya ba ta suna a 1913. Ita ba ta yin ƙulli. Kanta kaɗai ta ke cusawa cikin saiwa, sauran jiki na waje, yauƙin ƙwanta ya kama ƙasa, sai a ga saiwar ta yi dauɗa ko an wanke ta. Ba ta kisa da sauri. Lemon ya yi ta ja da baya shekara da shekaru, 'ya'ya na ƙanƙancewa. Yau ba wata nahiya da a ke noman lemo da ba ta kai ba.

Wa Ke Ɗaukarta?

To, ta yaya halittar da ba ta da ƙafa ba ta da fiffike ta game duniya? In an bar ta da ƙarfinta, tafiyarta a shekara ba ta wuce yadi guda ko biyu. Ruwan ban ruwa ya kan kai ta daga fangali zuwa fangali. Ƙasar da ta manne a fartanya, da kofaton shanun huɗa, da tayar tarakta, su kan kai ta daga gona zuwa gona. Amma daga gari zuwa gari, daga ƙasa zuwa ƙasa, cikin dashe ta ke tafiya.

A duba yadda a kan yi wurin renon dashe. Dole a bakin ruwa, sau da yawa a tsohon lambu. A ɗebi ƙasar wurin, a gauraya da rairayi da taki, a cika leda, a jera a ƙasa, a yi ta ban ruwa kullum wata da watanni. In da tsutsar ce aka tambaya yadda ta ke so a shirya mata gida, da haka za ta ce. Dashen ya fito kore shar, gama ana lallaɓa shi da ruwa, ba mai ganin abin da ke cikin leda. A loda a mota a raba wa makarantu da ƙauyuka, a sa shi a rami tare da ƙasarsa.

Ƙasar Daura kuwa ba ta da zaɓi, dole ta shuka itatuwa. Farin 1973 da na 1984 sun koya wa kowa wannan. A 1987 aka soma babban aikin shuka itatuwa na Katsina da taimakon ƙasashen Turai. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, a 2015 Nijeriya ta kafa masa hukuma, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. Ba mu zargin kowa da kome. Abin da mu ke cewa shi ne, a rajistar irin waɗannan ayyuka a kan rubuta yawan dashen da aka raba, ya kamata a ƙara layi guda na yawan ledojin da aka fasa aka duba saiwa kafin mota ta tashi.

Duba saiwar ba wuya. In babban itace ne, a haƙa daidai inda inuwarsa ta ƙare, zurfin taƙi guda ko ƙafa guda, a ɗebo 'yan saiwoyi sirara, a wanke a hankali cikin ƙwarya. Sai dai a yi hattara da abu guda. Gawo da bagaruwa da gyaɗa da wake suna da nasu 'yan gudaje na alheri, inda ƙwayoyin da ke sama wa ƙasa taki daga iska su ke zaune. Gudajin alheri a gefen saiwa ya ke maƙale, in an murza da yatsa sai ya faɗi, in an tsaga cikinsa ja-ja ne kamar nama. Ƙullin tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya cirewa sai an karya ta. Wanda ke son ya gwada ƙasa kafin ya kafa lambu, ya cika tukwane da ita daga wurare dabam dabam na filin, ya shuka kuɓewa ko tumatir na gida, bayan mako 6 ya zazzage ya duba. Aji guda na makaranta zai iya yi wa gari duka wannan aiki.

Magani

Gaskiya ɗaya ce, in ta riga ta zauna cikin saiwar babban itace ba abin da ke fitar da ita ƙaf. An gwada guba. Wata da a ke kira DBCP ta yi tashe a gonakin lemo da ayaba, sai a 1977 aka ga ma'aikatan da ke yinta a Kalifoniya sun daina haihuwa, aka hana ta. Wani hayaƙi mai suna methyl bromide ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar barinsa saboda ɓarnar da ya ke yi wa sararin sama. Furadan, wanda manomanmu suka sani, dafi ne mai kashe tsuntsu da dabba da mutum, Turai da Amurka sun hana sa shi a kayan abinci. A ƙasar rairayi, inda rijiyar sha ke kusa da fangali, mu ba mu ba kowa shawarar ya taɓa shi.

Ƙarfin mai lambu a wurin reno ya ke. Ƙasar cika leda a ɗebo ta daga inda ba a taɓa yin lambu ba, nesa da manyan itatuwa. In ba hali, a jiƙa ta a turara cikin rabin duro kamar dambu, har tururi ya game ta kamar rabin sa'a. Ko kuwa a sa ranar Afrilu aiki: a baje ƙasar, a jiƙa, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefe, a bar ta mako 4 zuwa 6. Ledojin dashe a jera su bisa shimfiɗa ko daɓe, kada saiwa ta huda ta shiga ƙasa. Wanda aka samu da ƙulli a ƙone shi, kada a ba da shi kyauta don ganin ƙyashin asara.

A cikin lambu, al'adar nan ta shuka tumatir da kuɓewa da rama tsakanin ƙananan gwaiba don kada fili ya zauna banza, kiwon tsutsa ne a gindin itace. In dole sai an shuka wani abu, albasa ko gyaɗa ko riɗi sun fi. Yakuwa ma ta fi 'yar'uwarta rama juriya nesa ba kusa ba. Ruɓaɓɓen taki mai yawa yana taimako ta hanya biyu, yana riƙe ruwa, yana kuma ciyar da maƙiyan tsutsar, gama cikin ƙasa akwai fumfunar da ke ɗana mata zarge ta shaƙe ta, da wata ƙwayar cuta da ke manne mata ta hana ta ƙwai. Bedi kuma, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko dogon yaro, aka kawo shi Barno a 1928 ya game Arewa, dakakkun 'ya'yansa da tunkuzarsa in an gauraya da ƙasar rami kafin dashe suna rage tsutsar. Ragewa muka ce, ba ƙarewa ba, sai an riƙa maimaitawa.

Inda gwaiba ta riga ta mutu, kada a mayar da wata a ramin. A tone saiwar gwargwadon iko a ƙone, a bar ramin a buɗe rani ya shige shi, a yi gero a wurin damina biyu ko uku ba ban ruwa a tsakani. In za a sake dasa itace, mangwaro ko kashu ya fi, gama a gwajin da aka yi a Birazil tsutsar gwaiba ba ta iya hayayyafa cikin saiwarsu ba.